Wa ke ture wa: kundin gwajin kuzarin ƙarafa

6 ga Janairu

Aikin da na sa a gaba shi ne in jera ƙarafa shida bisa kuzarinsu da abin da gwaji ya nuna, ba da abin da na haddace ba, daga nan in mayar da shi darasin da ɗalibai za su yi da hannunsu. Ƙarafan su ne magnisiyam, alminiyam, tutiya, baƙin ƙarfe, jan ƙarfe da azurfa.

Dabarar ba ta da wuyar faɗa. Za a tsoma ƙarfe ɗaya a ruwan da aka narkar da gishirin wani ƙarfen. In wanda aka tsoma ya fi kuzari, sai ya saki ilektiron ɗinsa ya narke, wanda ke cikin ruwan ya karɓa ya fito ya kwanta a matsayin ƙarfe. In bai fi ba, shiru za a ji. Na zana jadawali, ƙarafa a gefe, ruwaye a sama, kowane gida zan cika shi da e ko a'a.

Sodiyam da fotasiyam da kalsiyam ba sa cikin lissafi. Ba don haɗari kaɗai ba. Da ka jefa sodiyam a ruwan jan ƙarfe salfet, wato gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi, ruwan da kansa zai far wa, ya fitar da haidirojin, abin da zai kwanta kuma shuɗin laka ne na haidiroksaid, ba jan ƙarfe ba. Darma ma na bar ta, gishirinta guba ne kuma zubar da shi aiki ne.

8 ga Janairu

Na haɗa ruwayen, duk ƙarfinsu ɗaya, rabin mol a lita (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne), don kada bambancin kauri ya shiga tsakani. Jan ƙarfe salfet giram 31.2 a mililita 250, tunda shi za a fi ci. Sauran a mililita 100 kowanne: tutiya salfet giram 14.4, baƙin ƙarfe salfet giram 13.9, magnisiyam salfet giram 12.3. Nauyin ya haɗa da ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayoyin, mol biyar na ruwa a kowane mol na gishirin jan ƙarfe, bakwai-bakwai a sauran ukun. Wanda ya manta da wannan ruwansa zai yi tsinkakke bai sani ba.

Alif ne zai tsaya wa alminiyam, domin gishirin alminiyam ne. Ba ya narkewa har rabin mol a ruwan sanyi, don haka na tsaya a mol 0.2 a lita, giram 9.5 a mililita 100. Na azurfa sai ranar aikinsa.

10 ga Janairu

Layin jan ƙarfe salfet na fara, domin shi ne launinsa ke magana. Tutiya ta yi baƙi nan take. Baƙi, ba ja ba, kuma na san wannan zai rikita ɗalibai, tunda littafi ya ce musu jan ƙarfe ne zai fito. Shi ne ɗin, amma ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ba sa mayar da haske. Da ya taru ya yi kauri sai jan ya bayyana, shuɗin ruwan kuma ya riƙa kodewa har ya zama garau, saboda tutiya salfet ba shi da launi.

Zn + CuSO4 → ZnSO4 + Cu (Zn tutiya, Cu jan ƙarfe, SO4 salfet)

Magnisiyam ya tashi da kumfa da zafi, zan ware masa rana. Alminiyam ya zauna lafiya lau, kamar ba a tsoma shi a komai ba, alhali kowane jeri ya sa shi sama da tutiya.

Ƙusa ce ta ba ni tunani. Ita ma baƙi ta yi nan take, sak irin na tutiya, ba jan rufin da aka saba gani a baƙin ƙarfe ba. Na tsoma wata a ruwan baƙin ƙarfe salfet, inda bai kamata komai ya faru ba tunda ƙarfe ba ya ture kansa, sai ga ta tana dusashewa, da 'yan kumfa a jikinta. Ƙusoshin masu rufin tutiya ne. Abin da na gwada yau a gidan baƙin ƙarfe tutiya ce sanye da rigar ƙusa.

12 ga Janairu

Goge ƙarafa da sanfefa, yanka su tsayi ɗaya, liƙa wa kwalabe suna.

14 ga Janairu

Na jiƙa ƙusoshin a tsinkakken asid na haidirokulorik don cire rufin. Wannan ma gwaji ne a kan kansa. Muddin akwai tutiya kumfa na tashi da ƙarfi, da an iso baƙin ƙarfe sai ta koma jefi-jefi, a nan ake cirewa a ɗauraye. Ƙusar da aka tuɓe ta yi abin da ake so: jan rufi mai kyau cikin minti guda, ruwan kuma ya bar shuɗi ya nufi kore-kore.

Rufin nan ai wannan jerin ne ake cin moriyarsa. Ana lulluɓe baƙin ƙarfe da tutiya ne don ko an karce, tutiya ce za ta fara lalacewa ta bar shi. Humphry Davy ya yi irin haka a 1824, ya maƙala guntayen tutiya da baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ke rufe ƙasan jiragen ruwan Ingila don ruwan teku ya ci su a madadinsa.

Ƙusa a ruwan tutiya salfet da na magnisiyam salfet: shiru. Amma kada a bar ta ta kwana. Da safe za a ga ruwan ƙasa a gindin kwalba, wannan tsatsa ce daga oksijin da ke cikin ruwan, ba turewa ba. Zan sa wa ɗalibai iyakar lokacin kallo.

17 ga Janairu

Ranar magnisiyam. A duk ruwan da na sa shi yana kumfa, har a na alif. Mai kallo zai cika gidajen duka da e, ya tafi. Sai dai kumfar ba shaidar turewa ba ce. Ruwan jan ƙarfe salfet yana da ɗan tsami, takardar gwajin tsami (pH) ta nuna kusan 4, inda 7 ke nufin babu tsami, na alif ma ya fi haka tsami. Magnisiyam yana ture haidirojin daga wannan tsamin a gefe guda, yana ture ƙarfen a ɗaya gefen. Yayin da tsamin ke raguwa kuma sai wata laka mai launin shuɗi-kore ta fito ta dagula kwalbar. Abu uku ke gudana a wuri ɗaya, ɗaya kaɗai nake nema.

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙa'idar da na kafa daga yau: ba zan rubuta e ba sai na ga ƙarfen da aka ture da idona ko na tabbatar da shi ta wata hanya. A jan ƙarfe salfet akwai jajayen guntaye cikin lakar, ya wuce. A baƙin ƙarfe salfet na ɗauraye baƙin da ya taru, na kusanto da maganaɗisu, ya bi shi. Magnisiyam ba ya bin maganaɗisu, don haka baƙin ƙarfe ne. A tutiya salfet zirin ya yi rufi mai ruwan toka mai duhu, na karɓa amma da alamar tambaya ƙarama. A alif kuwa farin kauri ne kawai kamar majina, babu ƙarfe. Gidan nan ya zauna fayau.

21 ga Janairu

Yau jadawalin ya nemi ya kife.

Na bar wayar jan ƙarfe a ruwan baƙin ƙarfe salfet, gidan da amsarsa a'a ce tun kafin a fara. Da na dawo, wayar ta rasa ƙyallinta, ta yi fes da ita, launin ja mai haske, irin na abin da aka ci wa fata. Ruwan kuma korensa ya ɗan karkata zuwa shuɗi. Na cire wayar na sa ƙusa tsaftatacciya, bayan ɗan lokaci sai ga ɗan jan rufi a jikinta. Ma'ana jan ƙarfe ya narke ya shiga ruwan. In aka ɗauki wannan a yadda ya zo, jan ƙarfe ya ture baƙin ƙarfe, baƙin ƙarfe kuma ya ture jan ƙarfe, kowa ya fi kowa.

Amsar tana cikin kwalbar ajiya. Ruwan da na haɗa tun 8 ga wata ba kore ba ne yanzu, ya yi rawaya, da ɗan ruwan ƙasa a gindi. Oksijin na iska ya mayar da wani ɓangare na baƙin ƙarfe mai caji biyu zuwa mai caji uku, shi kuwa mai caji uku yana da yunwar ilektiron sosai. Ƙarfin da yake jawo ilektiron da shi volt 0.77 ne, na jan ƙarfe 0.34, saboda haka yana iya ƙwace ilektiron daga jan ƙarfe:

Cu + 2Fe3+ → Cu2+ + 2Fe2+ (Fe baƙin ƙarfe)

Abin lura shi ne babu baƙin ƙarfen da ya fito a matsayin ƙarfe. Daga caji uku ya sauko biyu, yana nan cikin ruwa. Babu wanda aka ture. Masu haɗa allunan kayan lantarki da wannan suke aiki, suna cinye jan ƙarfen da ba sa so da baƙin ƙarfe kuloraid mai caji uku.

Na haɗa sabon ruwa da ruwan da aka tafasa aka huce a rufe, don korar oksijin, na kuma tsince ƙwayoyin da gefensu ya yi rawaya na ajiye. Ana iya ɗiga asid don ruwan ya daɗe, amma zai ƙara wa tutiya da magnisiyam kumfar da nake gudu. Na zaɓi in bar ƙusa a cikin kwalbar ajiya, tana mayar da duk mai caji uku zuwa biyu. A sabon ruwan waya ba ta canza ba.

Wannan ruwan ranar darasi za a haɗa shi, ba a jajibiri ba.

23 ga Janairu

Tutiya a sabon baƙin ƙarfe salfet. A hankali take, zirin ya yi duhu kawai. Da garin tutiya aka motsa, koren ya kode, maganaɗisu ya ɗebi kaɗan daga abin da ya kwanta. E.

27 ga Janairu

Na koma kan alminiyam. Na goge shi da sanfefa har yana walƙiya na tsoma a jan ƙarfe salfet. 'Yan ɗigon ja a inda karcen ya yi zurfi, shi ke nan. Wani abokin aikina ya leƙo ya ce, "Malam, ko dai a sauke shi ƙasa da ƙusa mu huta?" Maganarsa tana kan hanya, domin abin da kwalbar ta nuna ke nan.

Abin da ke faruwa shi ne alminiyam yana haɗuwa da oksijin da zarar iska ta taɓa shi, ya yi fatar oksaid da kaurinta bai wuce nanomita kaɗan ba, amma a manne take, ba ta da ƙofa. Kafin hannu ya kai shi daga sanfefa zuwa kwalba ta riga ta sake fitowa. Kuzarin nasa ne ya jawo masa rigar da ta sa yake kama da marar kuzari. Tsatsar baƙin ƙarfe ba haka take ba, ɓarewa take yi tana buɗe sabon wuri.

Kuloraid yana huda wannan fatar. Na zuba ɗan gishirin sodiyam kuloraid a kwalbar na girgiza. Kamar minti ɗaya babu labari, sai jajayen ƙuraje suka fara fitowa a gefuna, suka bazu, kumfa ta tashi, kwalbar ta yi zafin da sai da na mayar da ita mazauninta. Takardar alminiyam ta huje ta wargaje, jan ƙarfe ya taru a ƙasa, shuɗin ya tafi.

2Al + 3Cu2+ → 2Al3+ + 3Cu

Gishirin ba ya cikin wannan lissafin, ƙofa kawai ya buɗe. Don tabbatarwa na sa alminiyam a ruwan gishiri zalla, na kuma sa wayar jan ƙarfe a alif mai gishiri. Duka biyun shiru.

Amma fa iyakar abin da aka tabbatar shi ne alminiyam ya fi jan ƙarfe. A tutiya salfet da baƙin ƙarfe salfet, ko da gishirin, ban ga abin da zan rantse a kai ba. Matsayinsa na biyu a jeri har yanzu bashi ne.

A nan ra'ayina game da darasin ya fara sauyawa. Yadda aka saba koyarwa, ana ce wa yara su duba wanda ya fi sauri su jera. Sauri kuwa yana bin faɗin jikin ƙarfe, da tsaftarsa, da zafin ruwa, da fatar da ke kansa. Garin baƙin ƙarfe zai riga dunƙulen tutiya kode shuɗi. Turewa tambaya ɗaya take amsawa, wa ke iya fitar da wa. Ba ta auna gudu.

31 ga Janairu

Azurfa naitiret, giram 0.85 a mililita 50, wato mol 0.1 a lita. Dole ruwan da aka tace ta tururi, don ko ɗan kuloraid ɗin ruwan famfo zai mayar da shi fari kamar alli. Kwalba mai duhu, safar hannu, tabarau. Inda ya ɗiga a fata baƙin tabo yake bari, sabulu ba ya fitar da shi.

Na naɗe wayar jan ƙarfe na auna ta na rataya. Ta fara yin toka-toka, daga baya allurai masu ƙyalli suka tsiro ta kowane gefe, ruwan da ba shi da launi ya koma shuɗi. A duk aikin nan babu gidan da ya kai wannan tsafta: ba kumfa, ba laka, ƙarfen da ya fita da wanda ya shiga duka ana ganinsu.

Na karkaɗe azurfar na ɗauraye na shanya. Waya ta ragu da giram 0.15, azurfa ta ba da 0.50. Lissafi ya ce kowane jan ƙarfe ɗaya yana fitar da azurfa biyu, giram 63.5 a bakin 215.8, ninki 3.4. Nawa ya ba da 3.3, da sikelin da ba ya ganin ƙasa da 0.01. Na gamsu.

Guntun wayar azurfa a jan ƙarfe salfet: babu komai.

3 ga Fabrairu

Sharar ruwan shuɗi ta taru, kuma ba a tuttula ta a magudana, jan ƙarfe yana kashe halittun ruwa. Shirin shi ne aikin ya share bayansa: a zuba baƙin ƙarfe ya fitar da jan ƙarfen a tace. Tsohuwar sana'a ce. A China zamanin daular Song ana jiƙa baƙin ƙarfe a ruwan ma'adinai mai shuɗi ana kwasar jan ƙarfe, haka ma a mahaƙar Rio Tinto ta Sifaniya da tarkacen ƙarfe. Giram 55.8 na baƙi yana fitar da 63.5 na ja, wanda bai san dalili ba dole ya ɗauka ƙarfen ne ya rikiɗe.

Na jefa soson ƙarfe na wanke-wanke a robar. Ya kwana ya tashi yana ƙyalli, ruwan na nan shuɗi. Ƙarfen da ba ya tsatsa ne, mai kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ma da tasa fatar oksaid ɗin. Labarin alminiyam ne ya dawo ta wata ƙofa. Na maye shi da lallausan soson baƙin ƙarfe na masu goge katako, bayan na wanke masa mai. Kafin yamma ruwan ya koma kore.

7 ga Fabrairu

Tunda ido bai iya sa alminiyam a gurbinsa ba, na gwada ma'aunin zafi. Kofi mai riƙe zafi da murfi, mililita 20 na jan ƙarfe salfet a ƙara ruwa ya kai 50, wato mol 0.01 na jan ƙarfe kowane karo. Ƙarfen da za a zuba ya wuce buƙata, don duk jan ƙarfen ya fita.

Abin da lissafi ya ce a sa ran, a kowane mol na jan ƙarfe: magnisiyam kilojul 532 na zafi, alminiyam kusan 420, tutiya 219, baƙin ƙarfe 154. Ruwan mililita 50 yana cin jul 209 kafin ya hau digiri ɗaya, saboda haka hawan zai kai kusan digiri 25, 20, 10.5 da 7.4.

Abin da na samu: magnisiyam 21, alminiyam da gishiri 16, garin tutiya 9, garin baƙin ƙarfe 5. Duka sun gaza, kamar yadda aka saba, kofi da iska suna shan rabonsu. Baƙin ƙarfe ya fi asara saboda jinkirinsa, zafin na zurarewa kafin a gama. Jerin dai ya fito daidai, alminiyam ya haye tutiya da tazara mai faɗi. Wannan ce shaida ta farko da ta sa shi a na biyu.

Ba zan ɗora mata nauyi fiye da kima ba. Wani ɓangare na zafin magnisiyam da na alminiyam daga fitar haidirojin ya zo. Kuma zafin da aiki ya fitar ba shi ne ainihin ma'aunin ko aikin zai yiwu ba, sun dai tafi tare a waɗannan huɗun.

9 ga Fabrairu

Sake na baƙin ƙarfe da kofi biyu a cuse da juna, ana motsawa ba tsayawa. Ya kai 6.

13 ga Fabrairu

Mitar wuta. Na yanka takardar tacewa mai reshe shida, kowane reshe na ɗiga ruwan gishirin ƙarfe ɗaya na ɗora guntun ƙarfen a kai, tsakiya kuma fotasiyam naitiret ya haɗa su. Naitiret, ba kuloraid ba, saboda azurfa. Jan ƙarfe ne ma'auni, kowa da shi ake gwada shi.

Tutiya volt 1.07. Littafi ya ce 1.10, adadin batirin da John Frederic Daniell ya haɗa a 1836 da waɗannan ƙarafa biyu. Aikin da ya faru a kwalbar 10 ga Janairu ne, an dai raba su ne don ilektiron ya bi waya. Azurfa 0.40 ta ɗaya ɓangaren, mita ta nuna alamar ragi. A ruwa mai mol ɗaya 0.46 ne, nawa tsinkakke ne, don haka ya yi daidai. Baƙin ƙarfe 0.66 a maimakon 0.78.

Manyan biyu ne suka watsa ƙasa a ido. Magnisiyam ya kamata ya ba da 2.71, ya tsaya wajen 1.8, yana ta kumfa a kan takardar, ilektiron ɗinsa na tafiya wurin ruwa kafin su kai waya. Alminiyam da ake sa ran 2.00 ya fara kusa da 1 daga gogewa, ina kallo yana sauka har ƙasa da 0.8. Ma'aunin zafi ya ce na biyu ne, mita ta ce yana ƙasa da tutiya. Mitar ba ƙarya ta yi ba, fatar ta auna.

Wani abin da zan ajiye wa manyan ɗalibai: ko a alƙaluman littafi, jerin volt da jerin abin da ido ke gani ba su zo ɗaya ba. Litiyam yana da volt 3.04 a ɓangaren ragi, fotasiyam 2.93, amma fotasiyam ne ke kama da wuta a ruwa, litiyam tafiyarsa a natse. Kalsiyam 2.87 ya wuce sodiyam 2.71, alhali jerin makaranta ya sa sodiyam a sama.

17 ga Fabrairu

Na biya bashin alminiyam da tutiya. Masu rufa wa alminiyam wani ƙarfe suna fara tsoma shi a ruwan tutiya mai soda mai ƙuna, wato sodiyam haidiroksaid, sodar ta narkar da fatar, tutiya ta kwanta a wurin. Na ɗiga ruwan sodiyam haidiroksaid a tutiya salfet, farin kauri ya fito, na ci gaba har ya narke ruwan ya washe. Alminiyam ya shiga, bai cika minti ba ya fito da rufi mai ruwan toka, lif a ko'ina. Na ɗauraye na ɗiga masa jan ƙarfe salfet marar gishiri, wurin ya yi baƙi nan take, halin tutiya. Alminiyam tsirara ba ya yin haka.

Wannan ni zan yi shi a gaban aji, yara ba za su taɓa ba. Sodar tana makantarwa.

Tsakanin magnisiyam da alminiyam kuwa na haƙura da neman turewa a ruwa. Duk wanda ya kai su kuzari, ruwa ne ke riga shi karɓar ilektiron. Shi ya sa Friedrich Wöhler a 1827 ya fitar da alminiyam da fotasiyam daga busasshen alminiyam kuloraid, Henri Sainte-Claire Deville ya maimaita da sodiyam a 1854, ƙarfen ya zauna da tsada har aka samo hanyar lantarki a 1886. Har yau ana fitar da taitaniyam ta wannan salon, magnisiyam ke ture shi daga kuloraid ɗinsa cikin zafi mai tsanani, ba iska ba ruwa. Wannan ya fi ƙarfin teburina. Gidan zai zauna da rubutun "zafi da mita sun nuna, turewa ba ta nuna ba".

21 ga Fabrairu

Inda aka kwana: magnisiyam, alminiyam, tutiya, baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, azurfa. Daga tutiya zuwa azurfa kowane mataki yana da shaidar turewa kai tsaye a ruwan gishiri. Alminiyam kan tutiya sai da soda. Magnisiyam kan alminiyam ba kai tsaye ba. Nikolai Beketov na Rasha ya gabatar da bincikensa kan yadda ƙarafa ke ture juna tun 1865, zan ambace shi a takardar darasi don yara su san jerin nan daga kwalba ya fito.

Wajen kashe kuɗi, azurfa naitiret ne ya cinye kaso mafi girma, sai zirin magnisiyam. Jan ƙarfe salfet ya ƙare, gwajin zafi ne ya sha shi. Don aji zan bar kwalaben gwaji in koma ɗigo: a sa jadawalin cikin leda mai garau, kowane gida ɗigo biyu da ɗan guntun ƙarfe. Sinadari kaɗan, shara kaɗan, kuma gidajen suna gefe da gefe ana kwatantawa.

Takardar ɗalibai za ta sami layi biyu daban, ɗaya na "me ka gani", ɗaya na "wane ƙarfe ya fito, ta yaya ka sani". Kalmar sauri ba za ta shiga tambayar jeri ba. Alminiyam za su gwada shi ba gishiri tukuna, su jera shi inda suka ga dama, su kare matsayinsu, sannan a miƙo gishirin.

Zango na gaba kuza ce da haidirojin. Haidirojin da tsinkakken asid za a sa shi, tsakanin baƙin ƙarfe da jan ƙarfe. Kuza tana da 0.14 a ɓangaren ragi, tazararta da baƙin ƙarfe volt 0.30 kawai, kuma kuloraid ɗinta yana yin fari-fari a ruwa in ba a sa asid ba, asid ɗin kuma zai dawo da matsalar kumfa. Sai na samo kuza tsantsa, domin wayar da ake liƙa kayan lantarki da ita gauraye ce da wasu ƙarafa.